Aron Wuta Daga Motar Mamaci

Ni ne mai laifi. Na faɗi haka tun a farko domin kada mai karatu ya zaci zan nemi hanyar wanke kaina a gaba. Ni na juya waya, ni na makantar da bawan Allah, kuma ni na ƙaga labarin da ya raba shi da mutane. Karatuna bai wuce elementare ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

A daminar da ta gabaci bikin mulkin kai ina direba a unguwar Nassarawa. Maigidana, Alhaji, yana cikin 'yan ƙasa na farko da gwamnati ta ba gida a layinmu. Sauran gidajen duk Turawa ne, wasu ma sun fara ɗaure kaya. Unguwa ce mai shiru. Gida nan, gida can, darbejiya ta rufe titi, da tsakar rana ba abin da kake ji sai kukan kurciya. Ni da na koyi tuƙi a hayaniyar tasha, shirun nan bai taɓa kwanta mini ba.

Mu ma'aikata a ɗakunan baya muke, kuma a gindin mangwaron da ke tsakanin gidanmu da na maƙwabta muke cin abinci a kwano ɗaya. Akwai kukunmu, Kirista daga kudancin Zariya, mai yawan dariya. Akwai maigadi, Bakatsine. Sai dattijon da kowa ke kira Baba, direban gidan da ke jikin namu.

Maigidan Baba Baturen wani kamfanin sayen gyaɗa ne, zazzaɓi ya kashe shi kafin saukar ruwa. Matarsa ta koma ƙasarsu, aka rufe gidan. Kamfani ya bar Baba a ɗakinsa don ya kula da motar mamacin, wata baƙar motar Ingila, har a yi gwanjonta. Manaja ya ja masa kunne cewa ko taya ɗaya kada ta fita daga gareji. Kullum da hantsi Baba zai goge ta, ya tashe ta ta ɗumama. In ta ɗumama sai ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya gefe ɗan lokaci kamar mai jiran wani ya shiga ya zauna, sannan ya rufe a hankali.

Nakan tsokane shi ta kan shinge. "Baba, yau ma ya shiga? Ka gaishe min da shi."

"Hannu ne ya saba, ɗana," in ji shi. "Kai ma in ka tsufa, hannunka zai riƙa zuwa inda ba ka aike shi ba."

Motar Alhaji sabuwa ce, ta Faransa, har da rediyo a ciki. Ranar wata Alhamis da yamma na zauna a gareji ina sauraren rediyon nan, aka kira ni ɗaukar wani saƙo, na fita na bar shi a kunne. Washegari Juma'a, rana ta kusa tsakiya, Alhaji ya yi wanka ya sa babbar riga zai tafi masallaci cikin birni. Na murɗa makulli, shiru. Na ɗauko handil, ƙarfen da ake tada inji da shi, na juya har kafaɗata ta yi tsami, ko tari motar ba ta yi ba. Batir ya mutu murus.

Na je baranda na durƙusa. "Ranka ya daɗe, sai dai a tura ta zuwa titi."

"A tura?" Ya dubi gidajen Turawan da ke tsallake. "Motata, a kan wannan titin, kuku da maigadi suna turawa, suna leƙe ta taga? Gobe a ofis a ce an ba ɗan ƙasa mota ya kasa riƙewa? Ba za a tura ba. Ka san yadda za ka yi."

Sai na tsallaka shinge wajen Baba. Direbobin Nassarawa ba sa hana juna wutar batir, al'ada ce, ko iyayen gidanku ba sa ga maciji. Amma Baba ya daɗe yana kallon garejin.

"Manaja ya ce kada ta fita."

"Baba, nan da nan ne fa. Taku nawa ne? In Alhaji ya rasa Juma'a, yau zan kwana a tasha."

Ya yi ajiyar zuciya ya shiga ya ɗauko makulli. Na ga baƙar motar ta fito da baya a hankali, karo na farko tun mutuwar mai ita, ta zagayo ta ƙofarmu ta tsaya hanci da hanci da tamu. Hadari ya haɗu a gabas amma iska ba ta motsi. Ko ganye ɗaya bai kaɗa ba.

A zamanin ba mu da wayar nan mai baki da ake maƙalawa. Waya ce mai kauri guda biyu, duk baƙaƙe, a fere bakinsu, a murɗa a kan batir, na ƙarshen kuma mutum ya danna da hannu. Yadda na koya a tasha shi ne, kan batirin da aka ɗaure da jikin mota ka haɗa shi da ɗan'uwansa na jiki, ɗayan kuma da ɗayan. Ban taɓa duba alama ba. Abin da ban sani ba shi ne, motocin Ingila na lokacin kan da ke da alamar tarawa ake ɗaurewa a jiki, ta Faransa kuwa mai alamar ɗebewa. Na jiki da na jiki a tsakanin waɗannan motoci biyu, juya wuta ne.

Na murɗa baki uku, na miƙa wa Baba na huɗu.

"Ka duba alamar?" in ji shi. "Wannan ba kamar taku take ba."

"Haba Baba, yau na fara? Na jiki da na jiki."

"Tsaya in bi wayar da hannu. Idona ba ya raba su."

Daga baranda Alhaji ya ɗaga murya. "Direba! Sai an idar za mu je?"

"Danna kawai, Baba!" Tsawa na yi masa, dattijon da ya kai sa'an mahaifina. "Danna mana!"

Ya sunkuya a kan batirinsa, wanda bai daɗe da shan caji ba, ya danna.

Ƙarar kamar an fasa tulu a cikin ɗaki. Kurciyoyi suka tashi gaba ɗaya. Saman batirin ya tsage, ruwansa ya watsu. Baba bai yi ihu ba. Ya miƙe tsaye, hannuwansa a buɗe a gaban fuskarsa bai taɓa ta ba, ya ce, "Ruwa."

Ga abin da na daɗe ina ɓoyewa, ko matata ban gaya wa ba. Ban ruga neman ruwa ba. Wayar na fizge, na sunkuya ina duba ko ruwan batir ya taɓa fentin motar Alhaji, na sa gefen rigata ina gogewa. Ina ji ya sake cewa, "Ruwa, ɗana." Kuku ne ya fito da bokiti a guje, ya kwantar da shi a kan tsakuwa yana kwarara masa, yana kiran sunan Allah da harshensu. Wani Bature na tsallake ya kai shi asibiti a motarsa. Alhaji kuwa wani abokin aikinsa ne ya biyo ya ɗauke shi.

Da la'asar Alhaji ya kira ni. Maigadi da kuku suna tsaye.

"Garin yaya?"

Na riga na sani. Maganar Baba tana kunnena, wannan ba kamar taku take ba. Na dubi baƙar motar, bakinta a buɗe a tsakar gidanmu, sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ban ma gama haɗawa ba. Da kanta ta yi. Kuma kafin ta yi, na ga mutum a kujerar baya."

"Wane mutum?"

"Mai ita. Da farar malafarsa."

Alhaji ya ce, "A'uzu billahi, bar wannan shirme," amma bai sake tambayata komai ba, ya shige ciki da sauri. Maigadi ya dafe ƙirji ya ce shi dama ya daɗe yana jin motsi a garejin nan, kunya ce ta hana shi faɗa. Kuku kuwa ya dube ni kawai. Kafin a kira magariba labarin ya zaga ɗakunan baya na layin duka. Kafin mako ya kai kasuwa, ya dawo mini da ƙari: wai an ga hannu fari ya fito ta taga, wai Baba ya daɗe yana hira da mamacin, shi ya sa yake buɗe masa ƙofa.

Motar ta zauna a gidanmu domin ba batir, kuma ba wanda ya yarda ya sa mata hannu a tura. Maigadi ya zagaye ta da hayaƙin turare ya koma kwana bakin titi. Ni kuwa dole in raɓa ta kullum in shiga gareji.

Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, na zo wucewa na tarar ƙofar baya a buɗe. Na tabbata a rufe take da safe, don na gani. Na leƙa, ba kowa, sai warin fatar kujera da zafi. Na rufe. Washegari daidai wannan lokacin ina wanke motar Alhaji, bayana na wajenta, na ji ƙarar marikin ƙofa. Na ƙi juyawa. Na ci gaba da goge gilashi ɗaya har soso ya bushe a hannuna. Can na ji an rufe, a hankali, yadda Baba ke rufewa.

Kowa a layin yana da wanda zai kai wa tsoronsa. Ni ba ni da shi. Ni kaɗai na san ƙarya ce, to wa zan gaya wa cewa ƙaryar tawa ta fara buɗe ƙofa? Na tambayi kuku a fakaice ko shi ke taɓa motar. Ya ce, "Ni? Ai kai ne mai ganin mutanen ciki, Malam Direba. Ka tambaye su mana."

Na je asibiti wajen Baba sau ɗaya, don kada a ce ban je ba. An naɗe kansa da bandeji, baki da hanci kaɗai a waje. Matarsa na zaune a ƙasa tana masa fifita. Na gaishe shi, ya gane muryata, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ɗana, an ce ka gan shi."

Na yi kamar ban ji ba, sai ya sake tambaya.

"Da gaske ka gan shi?"

Matar tana kallona. Na ce, "Na gan shi, Baba."

"Da malafarsa?"

"Da malafarsa."

Hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. "Ni na zaci waya ce," in ji shi. "Ina nan kwance ina ta cewa waya ce aka juya. Ashe shi ne." Ya ƙara riƙe hannuna. "Tun ina da baƙin gashi nake tuƙa shi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da 'yata ta rasu, shi ya tuƙa ni zuwa ƙauye da hannunsa, ni ina baya. Taku kaɗan na fitar da ita, don a taimaki maƙwabci. A kan wannan zai karɓe mini ido?"

Da na ce a'a a wannan lokacin, da komai ya tsaya nan. Sai na ce, "Sai haƙuri, Baba," na zare hannuna.

Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan yana ganin haske da duhu kawai. Kamfani ya sallame shi saboda ya fitar da mota, aka ba shi kwanaki ya bar ɗakin. A kwanakin nan yana fitowa ya zauna a gindin mangwaro lokacin cin abinci, kamar da. Maigadi ya ɗauke kwanon ya koma da shi bayan kicin, sauran suka bi shi, ni ma na bi. Kuku kaɗai ke zuba masa a faranti ya kai masa ya zauna kusa da shi. Ina leƙensa daga nesa, duk inda na tsaya sai in ga fuskar nan mai tabo ta juyo daidai inda nake, ko ban yi motsi ba. Ranar da za su tashi, matarsa ta ɗora kaya a ka, ta riƙe bakin sandarsa, suka bi ƙarƙashin darbejiya suka nufi Tudun Wada. Ba wanda ya raka su sai kuku.

Daga baya kamfani ya turo babbar mota aka ja baƙar motar aka tafi da ita. Na ce shi ke nan, na huta.

Ban huta ba. In na ajiye Alhaji a ofis na kamo hanyar gida ni kaɗai, da zarar na shigo layinmu da tsakar rana, sai in ji bayan motar ya ɗan nutse, kamar yadda yake yi in mutum ya zauna. Na karkatar da madubi don kada in ga kujerar baya. Wata rana na manta na duba. Ba Bature na gani ba, ba malafa. Farin bandeji na gani, baki da hanci a waje, fuskar tana kallon ƙeyata. Na taka birki har motar ta mutu. Na juya, ba komai sai jaridar Alhaji. Baba yana raye a Tudun Wada, tafiyar ƙafa daga inda nake, amma ga shi a bayana.

Aka yi bikin mulkin kai, aka yi ta kiɗa a gari, ni ban san daɗinsa ba. Na rame. Na karɓi rubutu wajen wani malami a Kawaji, ya tambaye ni abin da nake gani, na ce Bature, don ko a gabansa na kasa faɗin gaskiya. Na sha, ba abin da ya canja. Hannuna kuma ya koyi wani abu. In na fito da mota da safe sai in zagaya in buɗe ƙofar baya tun Alhaji bai fito ba, in tsaya, in rufe. Rannan ya gan ni daga baranda.

"Wa ka ɗauka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Iska nake ba kujera."

Sai da wata daminar ta zagayo kuku ya tare ni a bayan kicin yana feraye dankali. Bai ɗago ba.

"Na je wajen Baba ranar Lahadi, bayan coci."

"Yana lafiya?"

"Yana saƙar igiya, matar tana sayar da ƙosai, amma sai ta kai shi wata unguwa, don a nasu layin ba mai saye. Labarinka ya riga su isa." Ya jefa dankali a ruwa. "Ni ban san addininku sosai ba, Malam Direba, amma na ga kuna haɗa kafaɗa in kuna salla. Na tsaya daga waje ina jiransa a masallacin layinsu. Shi ba mai haɗa kafaɗa da shi. Dama da hagu, wurin mutum guda a buɗe. Haka ake yi?"

Na ce ba haka ake yi ba.

"To." Ya ɗauki wani dankalin. "Ni na kawo bokiti ranar nan. Na ga abin da kake gogewa."

Ban yi barcin kirki ba kwana biyu. A rana ta uku na ajiye Alhaji a ofis, ban koma gida ba, na ajiye motar a bakin wani kanti na shiga Tudun Wada a ƙafa, ina tsallake kwatoci da ruwan sama ya cika. Na tambayi gidan makahon direba. Wata mai tallan gyaɗa ta ce, "Mai fatalwa? Ga masallacinsu can," ta tofa a gefen zaninta.

An tada iƙamar azahar ina shiga. Ƙaramin masallaci ne na ƙasa, sahu biyu. Na gan shi a na biyu, ya ƙara tsufa, rigarsa wankakkiya, sandarsa a kwance gabansa. Kamar yadda kuku ya faɗa, wuri a buɗe dama da hagu. Na shiga na damansa na haɗa kafaɗata da tasa. Na ji ya zabura, kamar wanda aka taɓa da ruwan sanyi, sannan ya tsaya cik. Har muka idar ban janye kafaɗata ba.

Da aka yi sallama, mutane suka fara shafa addu'a, ya karkato kansa wajena ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Bawan Allah, baƙo ne kai ko? Ba a gaya maka labarina ba. Matsa kaɗan, kada su guje ka kai ma."

Na so in faɗa masa a kunne, mu biyu, in tashi in tafi. Amma a gaban mutane na yi ƙaryar, kuma a gaban mutane yake biyanta kullum sau biyar. Na miƙe na ce, "Liman, jama'a, don Allah kada kowa ya fita." Waɗanda suka kai bakin ƙofa suka tsaya da takalma a hannu. Na koma na durƙusa a gabansa, na kama hannuwansa biyu.

"Baba, ni ne direban gidan Alhaji. Ban ga kowa a motar nan ba. Ba Bature, ba malafa, ba komai. Maigidanka bai taɓa ka ba, yana kabarinsa. Waya ce, kamar yadda ka zata tun farko. Ni na juya ta, ka ce in tsaya ka duba, na yi maka tsawa. Ka nemi ruwa, na tsaya goge fenti. Na ƙaga labarin don kada a kore ni, na zo har gadon asibiti na maimaita maka. Ni na ci idonka, na ci aikinka, na raba ka da mutane. Ba ni da abin da zan mayar maka. Na zalunce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."